Abin da ya kada ubanka ruwa

Sahabi, autana,

Ina gaishe ka. Allah shi sa wagga takarda ta iske ka lafiya, shi sa ka sauka Kaduna ƙalau, shi tsare hannunka daga injunan masaƙar nan da anka ce ba su san ɗan kowa ba. Goggonka Ige ta gaishe ka.

Rubutuna ka san shi. Wata shida na yi a yaƙi da jahilci, in ka ga harafi ya kwanta ka tada shi da kanka. Ban ba kowa ya rubuta mani ba, don abin da ke ciki ba na kunnen wani ba ne. Kuma ba labarin gida za ni ba ka ba, gida shina nan inda ka bar shi. Maganar cikinka da ƙafafunka za ni yi, da maganar ubanka.

Ranar da za ka tafi ina kallonka kana alwala. Sai da ka dafa bango kana ka iya wanke ƙafar hagu. Ɗan shekara ashirin da huɗu ba ya dafa bango. Da ka tashi, silifa ɗaya ya zame daga ƙafarka, ka yi taku uku ba ka sani ba. Na ce, "Sahabi, mi ya samu ƙafar?" Ka ce, "Inna, ke dai ba ki rasa abin gani. Basir ne, na sayi magani wurin mai lasifika ranar kasuwar Warra." Ka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ga tafin hannunka fari kamar na mai jego. Na ga gyambon bakinka da ba ya warkewa. Tun da ka fara zaman teburin mai shayi da abokanka, in ka ci burodi cikinka shina tashi kamar ganga, ka yi ta zarya bayan gida. Ɗaki ɗaya ne tsakaninmu, ka zaci ban ji?

Ba basir ba ne. Mutanenmu komi ya kama su daga wuya zuwa gwiwa sai su ce basir. Na taɓa ganin wanga abu farkonsa da ƙarshensa, kuma da hannuna na ciyar da shi har ya girma.

Kai an haife ka shekarar da anka ba mu mulkin kai, don haka gungunmu kaɗan za ka tuna. Can tsakiyar Kwara muke, ruwa gabas ruwa yamma. Tuwon dawa, tuwon gero, shinkafa, kifi, albasa, shi ke nan abincinmu. Alkama sai dai in an yi bikin wani babba a Yelwa a aiko mana da alkaki guda biyu, a raba wa gida duka. Ubanka lokacin nan shina tsayawa kan bakin kwalekwale da ƙafa ɗaya, shi jefa birgi, komar nan ta jifa, jirgin bai motsa ba. Duk gungun ba wanda ya kai shi.

Shi ya sa da masu aikin dam sunka zo awon ƙasa, shi anka nuna musu ya tuƙa su. Ya yi ta yawo da su suna kafa turaku, suna shafa jan fenti ga duwatsu, wai nan ruwa zai kai. Har dutsen nan da tsofaffi ke kai wa hura da baƙin zakara sun shafa mashi fenti, ubanka ya kai su. Wurinsu ya koyi burodi da shayi. Safe burodi, rana burodi. Ya kan rago mana cikin aljihu, ku yara ku yi ta faɗa a kai.

Da ruwa ya ci gungun, anka kwashe mu anka zuba mu cikin gidajen siminti nan bakin tafki, masu rufin da ke dafa mutum da rana. Gonar albasa ta tafi. Sabuwar gona tsakuwa ce. Sai na kama suyar fanke ina sayar wa leburori da direbobi. Fulawa ta shigo gida buhu-buhu. Kuma na iya, ba yabon kai ba. Har daga Shanga in mota ta tsaya ni ake tambaya. Abin da ya rage ga tire shi ne abincin gida.

Nan ciwon ubanka ya fara. Zawo mai fari-fari, mai warin da ba irin na mutane ba. Ciki ya kumbura, hannu da ƙafa sunka sirance. Harshensa ya yi ja, ya yi sulɓi kamar an kankare. Sai ya fara cewa, "Kulu, tururuwa na tafiya cikin ƙafata." In duba ba komi. Daga baya ya ce kamar shina taka auduga. Daga baya ya fara tangaɗi kamar ɗan giya, mutumin da bai taɓa kai burkutu bakinsa ba. Yara sunka fara kwaikwayon tafiyarsa a hanyar masallaci.

Yayansa, Baba Arzika, ya zo ya zauna ya dube shi, ya ce, "Ai ba sai an tambaya ba. Wa ya kai Nasara dutsen? Wa ya riƙe musu jirgi suna shafa fenti? Mun bar kakanninmu ƙarƙashin ruwa ba sallama, kai kuma ka yi jagora. Na ruwa ne sunka kama ka ta ƙafa." Duk garin haka sunka ce, masu salla da masu coci da masu tsafi, rana ɗaya bakinsu ya zo ɗaya. Ni ma na yarda. Ta yi daɗin ji, don ta fitar da ni daga ciki.

Ga wautar farko da na yi. Ka san al'adarmu, mara lafiya shi ake ba mafi kyawun abin da ke gida. To mi ya fi alkama? Abincin sarakuna, abincin amare. Sai na daina ba shi tuwon dawa, na ce ya yi mashi nauyi. Na koma dama mashi kunun alkama, ina jiƙa burodi cikin shayi ina ba shi a baki, ina murza taliya da hannuna. Ƙara ramewarsa, ƙara alkamata. Mata na cewa, "Kulu kam ta iya jinya." Ina jin daɗi.

Sahabi, in ka ga kana yi wa ciwo magani shina ƙaruwa, ka tsaya ka dubi maganin. Kada ka ƙara yawansa. Kuma abu ya yi tsada ba shi ne ya dace da cikinka ba. Ciki bai san sarauta ba.

Allah ya nuna mani aya, na ƙi gani. Ƙanwata ta kwanta ciwo a Shanga, na tafi jinya wata biyu. Goggonka Ige ta karɓi girkin ubanka. Ige ba ta san wata fulawa ba, tuwon dawa ne da miyar kuka da tarwaɗa, safe da maraice, in ba ka ci ka kwana da yunwa. Na dawo na iske mutum zaune ƙofar gida shina gyaran taru, kumatu sun fara cikowa, zawo ya tsaya. Amma cikin watannin nan Baba Arzika ya kai baƙin bunsuru anka yanka bisa ruwa, saitin inda dutsen yake. Sai kowa ya ce bunsuru ya karɓu. Ige kaɗai ta ce mani, "Ke Kulu, ni fa ina ganin tuwona ne." Na ce, "Tuwon naki da ko kare sai ya yi shawara kafin shi ci?" Munka yi dariya. Don murna na soya funkaso cike da ƙwarya, ya ci har ya lashe hannu. Kwana huɗu ya koma tabarma. Baba Arzika ya ce bunsuru ɗaya bai isa ba.

In jikinka ya yi sauƙi, ka tambayi kanka mi ya canza a tukunya kafin ka tambayi mi anka yanka. Kuma mai gaya maka gaskiya ba dole ta zo da kyakkyawar fuska ko daɗin girki ba.

Wani direban kamfani da ke sayen fankena shi ya ji tausayinmu, ya ɗauke mu har asibitin masu aikin dam. Likitan Bature ne, tsoho, da tafinta Banufe. Ya sa ubanka ya haɗe ƙafafu, ya ce shi rufe ido. Rufewa ke da wuya ya tafi luu, sai da tafinta ya tare shi. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora mashi ga idon sawu, ya ce, "Ka ji rawarsa?" Ubanka ya ce, "Wace rawa?" Ya soke shi da allura ga babban yatsa, har jini ya fito, mutum shina kallon rufi. Sunka ɗebi jini, sunka riƙe shi sati uku, shinkafa da kifi da ƙwai kaɗai, da allura.

Ranar sallama likita ya ce a fitar da kowa, a bar mai girki. Ni ke nan. Ya tambaye ni abin da nake ba shi, na lissafa ina alfahari. Ya dafe kai. Ya ce ta bakin tafinta, "In kin kwaɓa fulawa kika wanke hannu, mi ke manne miki?" Na ce, "Wani abu mai danƙo, shina ja kamar roba." Ya ce to shi ne. Ya faɗi sunansa da Turanci, gulutin ko mi, ni dai danƙon alkama na riƙe. Ya ce yawancin mutane ba ya yi musu komi, amma akwai waɗanda Allah ya yi cikinsu ba ya shiri da shi. Ya ce, "Kin san tumbin saniya, mai gashi-gashi kamar tawul?" Na ce na sani. Ya ce hanjin mutum ma shina da irin wanga gashi, ƙanana, da su yake tsotse amfanin abinci. Danƙon nan shina sa su lalace, hanji shi koma sumul kamar bayan ƙwarya. Sai abinci shi shiga shi wuce, jiki bai samu komi ba. Akwai wasu abubuwa cikin kifi da hanta da ƙwai da ganye, bitamin yake ce musu, su ke yin jini, su ke ciyar da jijiyoyi. In sun yanke, jini shi tsinke, jijiya ta fara mutuwa, kuma daga ƙafa take farawa ta hau sama. Ya ce ko ya ci giwan ruwa guda kullum, in da alkama a kai, kamar zuba ruwa ne a kwando.

Na ce, "To har yaushe zai bari?" Tafinta ya ce, "Har kabari." Ba burodi, ba fanke, ba taliya, ba biskit, ba alkaki. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, duk shi ci. Allura duk wata, da ƙwayoyi. Ya ce abin da ya mutu na jijiya ba duka zai dawo ba, amma abin da ya rage za a tsare. Sannan ya tambaye ni 'ya'ya nawa gare mu. Ya ce in sa musu ido, abin shina bin jini.

Ka ji. An gaya mani, da Hausa, ido cikin ido. Ubanka tafinta ya gaya mashi a gurguje shi bar burodi. Ni anka yi wa bayani duka, don ni ke riƙe da muciya.

Na kiyaye kusan wata takwas. Ya yi ƙiba, ya koma ruwa, ko da shike zaune yake kamun, da ƙugiyoyin mamari. Tangaɗin ya ragu, bai tafi duka ba. Amma mun sha baki. Baba Arzika in ya shigo ya iske ina suya sai shi ce, "Ikon Allah. Duk garin ga na cin fanken Kulu ban da mai gidan. Ƙanena, ko sadaki ne ba ka gama biya ba?" Ubanka shi yi murmushi, amma na san abin na cinsa. Mata kuma sunka ce na sami Bature ya ba ni lasisin rowa. Wata ta ce alkama da ke cikin littafin Allah, ita ce za ta zama guba?

Shi ma ya fara roƙo. In ƙamshi ya tashi shi matso bakin murhu. "Kulu, guda ɗaya." In ce likita ya hana. Shi ce, "Likitan nan ya san Kwara? Guda ɗaya dai, wanda ya ƙone, ba na sayarwa ba." Ranar bikin yayarka, gida cike da baƙi, anka kawo alkaki faranti-faranti, uban amarya zaune da ƙwaryar hura. Na ji kunya ta kama ni. Na ɗauko biyu na sa mashi a hannu da kaina, na ce, "Yau dai ɗaya." Bai faɗi ba, bai mutu ba. Sai na ce a raina ashe Bature ya cika baki. Guda ɗaya ta zama ta Juma'a. Ta Juma'a ta zama ta kullum. Ban gaya wa kowa ba, shi ma bai gaya ba. Mun zama ɓarayi biyu a gida ɗaya.

Wagga ita ce babba. Ka ji ni da kyau. Wanga ciwo ba ya kada mutum ranar da ya ci, shi ya sa yake da yaudara. Kamar gara yake, sai ka jingina ka ji ginshiƙi ya tafi. Ba ɗan kaɗan cikinsa. Can birni za su zaunar da kai, su tura maka burodi, su ce, "Kai baƙauye, ci mana." Wani oganka zai ba ka biskit a ofis, ka ji nauyin ƙi. Wata rana za ka je gidan surukai a kawo taliya don girmama ka. Ka ce ba ka ci. Ba sai ka yi dogon bayani ba, masu ciwon suga ma ƙi suke yi ba wanda ya kashe su. Kunyar minti biyar ce. Ni kunyar yini ɗaya na guje wa, ga ni cikin ta shekara goma sha uku.

Kuma wanda ke sonka shi ne zai fi saurin ba ka. Maƙiyi bai damu da abin da kake marmari ba. In ka tashi aure, ka zaunar da yarinyar ka gaya mata tun kafin a kai lefe. In ka ga mai taushin zuciya ce irin wadda ba ta iya ce maka a'a, ka ji tsoronta fiye da mai faɗa.

Allurar ma mun bari. Aikin dam ya ƙare, kamfani ya naɗe kayansa, anka ce sai dai mu riƙa zuwa babban asibiti. Hanya nisa, damina ta ɓata ta, ya tsallake wata ɗaya, na biyu na ce ai ya warware. Ban matsa ba. Da na matsa da ya tafi, ubanka bai taɓa ƙin maganata ba in na tsaya a kanta. Kai in sun ce duk wata, to duk wata ne, ko kana jin ƙarfin da za ka ɗauki jaki. Ranar da ka ji sauƙi ba ita ce ranar bari ba, alama ce abin na aiki.

Sauran ka san rabinsa. Tururuwar ta dawo, ta hau har gwiwa, ta kama yatsun hannu. Maɓallin riga ya gagare shi. Ya fara mantuwa, shi yi fushi ba dalili, shi da ba ya ɗaga murya. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, shina cikin jirgi, ruwa kwance kamar mai, ba iska ba igiyar ruwa. Ya ga kifi na wasa kusa da jirgi, zuciyarsa ta da ta motsa. Ya miƙe tsaye da birgi, igiya ɗaure ga wuyan hannunsa yadda masu jifa ke yi. Masu jirgin da ke kusa sunka ce bai ma kai ga jefawa ba. Ya juya ƙugu, ƙafa ba ta gaya mashi inda katako yake ba, ya tafi da birgin duka. Darmar da ke bakin birgin ta ja shi ƙasa. Kafin su fiddo shi an gama. Mutumin da ya iya ruwa kafin ya iya tafiya.

Baba Arzika ya tsaya wurin zaman makoki ya ce, "Na faɗa. Sun jira shi ne har ya zo kansu." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ina cikin ɗaki ina takaba, na ji, na yi shiru. Ige ta shigo ta dube ni, ta dubi buhun fulawa da ke jingine bayan ƙofa, ta fita ba ta ce komi ba. Har yau ba ta ce ba. Ku kuma kunka tashi kuna cewa na ruwa sunka ɗauke babanku. Na bar ku. Na bar suya bayan takaba, kunka zaci baƙin ciki ne. Na hana fulawa shiga gidan nan, na ce tsada. Na zaci in ban dafa ba na tsare ku, ba sai na buɗe baki ba. Ban lissafa da teburin mai shayi ba. Likita ya ce in sa muku ido, na sa, na ga abin a jikinka tun bara, kuma sai da ka hau mota kana na iya faɗi, a takarda. Wagga ma ka rubuta ta cikin laifina.

Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma Allah bai soya fanke ba, ni na soya.

Ni ba likita ba ce. Mai yiwuwa naka wani abu ne daban, in haka ne alhamdu lillahi. Amma ba mai lasifika zai gaya maka ba. Satin nan, ba wata mai zuwa ba, ka nemi izini wurin aiki ka tafi babban asibiti. Ka gaya musu zawon, kada ka ji kunyar faɗin kamanninsa. Ka gaya musu ƙafar. Ka ce su auna jininka. Ka ce ubanka likita ya hana shi alkama, ya ci, ya mutu. In sun yi maka kallon baƙauye ka miƙa musu wagga takarda su karanta, ban damu ba, tsiraicina ya riga ya fita. Abin da sunka ce ka ci, ka ci. Abin da sunka ce ka bari, ka bari. Kana aiki tsakanin injuna yanzu, kuma inji ya fi tafki rashin haƙuri da mai tangaɗi.

Na san in ka gama karantawa zuciyarka za ta yi baƙi da ni. Tana da hakki. In ka ga ba ka iya zuwa gida da Salla, kada ka zo. In ba ka iya rubuto mani gaisuwa, kada ka rubuto. Layi ɗaya nake so, ka ba direban motar Yelwa: na je, ga abin da sunka ce. Ba yafiyarka na zauna rubuta wannan don in samu ba. Ka ƙi ni kana tsaye bisa ƙafafunka, ya fi mani ka so ni a tabarma.

Allah shi tsare gabanka da bayanka. Shi tsare ka daga ƙarfe da wuta da hanya, shi tsare ka daga abin da bakinka ke so jikinka ba ya so. Shi ba ka taurin kan da ni ban yi ba. Shi jiƙan ubanka, shi sa ruwan nan ya zama wankan zunubinsa. Amin.

Innarka,
Kulu